Yadda Masu Sayar da Taya da Mai Suka Saye Jiragen Cikin Gari a Amurka

Jama'a, duk lokacin da aka ce wani kamfani zai karɓi ragamar sufurin gari domin ya gyara, a fara tambayar kuɗin wa ke bayansa. Mutanen Amurka ba su yi wannan tambayar da wuri ba.

A shekarun 1920 kusan kowane babban birni a ƙasar yana da taragon lantarki, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin dogon da aka shimfiɗa a tsakiyar titi, da sanda a kansa tana jan wuta daga waya. Lebura kan jefa santi 5, tarago ya sauke shi a bakin masana'anta.

A 1936 'yan'uwan Fitzgerald suka kafa kamfanin National City Lines, ya shiga sayen kamfanonin sufuri birni bayan birni. Masu zuba masa jari kuwa su ne General Motors da Mack masu ƙera bas, da Firestone mai taya, da Standard Oil na Kalifoniya da Phillips masu sayar da mai. Sharaɗin shi ne a wurinsu zai riƙa sayen bas da taya da mai. To, tarago ba ya shan fetur, ba ya cin taya. An dai ba kura ajiyar nama ke nan. A birane da dama sai aka jingine taragun, aka cire wayoyi, aka malala kwalta a kan dogo.

Wani sojan ruwa, Edwin Quinby, ya rubuta wa magadan gari takardar gargaɗi a 1946, amma ba ta tsayar da komai ba. A 1949 kotun tarayya a Chicago ta kama kamfanonin da laifin haɗa baki don mamaye cinikin bas da kayansa, ta wanke su daga zargin mamaye harkar sufurin kanta. Tarar ce abin takaici: dala 5,000 kowane kamfani, manyan jami'ansu kuma dala 1 kowanne. Dala ɗaya tak!

Sai dai a faɗi gaskiya, ba lafiyayye suka tarar ba. Hukumomi sun daɗe da ƙayyade kuɗin shiga alhali tsadar aiki na hawa, ga dokar da ta ɗora wa kamfanin tarago gyaran titin da ke gefen dogonsa, titin da motoci ke morewa har su tare masa hanya. Wata doka ta 1935 kuma ta sa kamfanonin wutar lantarki rabuwa da taragun da suke ɗauke da nauyinsu. Har biranen da National City Lines bai taɓa shiga ba sun watsar da nasu. A ganina, laifin kamfanonin shi ne sun sami majiyyaci a kwance, ribarsu kuma tana cikin rashin tashinsa, hukuma tana kallo ta bar musu jinya.

A Los Angeles taragon ƙarshe ya tsaya a 1963. Cunkoso da hayaƙi suka addabi birnin, har a 1990 aka buɗe sabon layin dogo zuwa Long Beach da ɗaruruwan miliyoyin daloli na jama'a, galibinsa a kan hanyar da tsohon jirgi ya daina bi a 1961.