Aikin da Hanji Ke Yi Idan Babu Abinci a Ciki

A 1912 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Walter Cannon na Jami'ar Harvard ta Amurka ya yi a jikin ɗalibinsa Washburn. Ɗalibin yakan haɗiye 'yar balan-balan da aka ɗaure a bakin siririn tiyo, a hura mata iska kaɗan bayan ta sauka a tumbi, sannan a haɗa ɗaya bakin tiyon da na'urar da ke zana layi a takarda. Duk sanda tumbi ya matse, sai balan-balan ta matsu, layin ya yi sama. An kuma ajiye masa maɓalli ya riƙa dannawa idan yunwa ta murɗe shi, aka zaunar da shi inda ba ya ganin takardar. Da aka jera zanen biyu sai suka dace: lokacin da yake jin murɗar yunwa shi ne lokacin da tumbinsa, wanda babu komai a ciki, yake matsewa da ƙarfi.

Mai azumi ya san wannan ba sai an yi masa gwaji ba. Yunwa ba ta zama wuri guda. Takan taso wajen azahar da ƙugin ciki, ta lafa kamar an ci abinci, can kuma ta dawo. Shekaru kaɗan kafin gwajin Cannon, wani Barashe mai suna Boldyreff, a ɗakin binciken fitaccen masani Pavlov, ya lura da haka a jikin karnukan da ba su ci komai ba: tumbinsu yana motsi na ɗan lokaci, ya yi tsit, ya sake motsi, bisa tsari. Amma sai a 1969 aka ga siffar abin gaba ɗaya, lokacin da Joseph Szurszewski ya ɗinka ƙananan wayoyi a wurare daban-daban a tsawon ƙaramin hanjin kare. Ya ga wata guguwar motsi tana tasowa daga sama, tana gangarawa sannu a hankali har ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana isa can sai wata sabuwa ta taso daga sama.

A jikin ɗan Adam wannan zagaye yana ɗaukar minti 90 zuwa 120, kuma kashi-kashi yake tafiya. Kashi na farko shiru ne. Na biyu motsi ne jefi-jefi. Na uku gajere ne, minti 5 zuwa 10, amma shi ne mai ƙarfin: tumbi yana matsewa kusan sau 3 a minti, farkon ƙaramin hanji kusan sau 11 ko 12, ba fashi. Shara ce ake yi, irin ta tsakar gida bayan baƙi sun watse. Lokacin narkar da abinci, ƙofar da ke tsakanin tumbi da hanji ba ta barin abin da ya wuce milimita 2 ya shige. A kashi na uku ne take buɗewa, ƙwallon dabinon da yaro ya haɗiye ya samu hanya, haka ɓawo da zare-zaren ganyen da suka ƙi narkewa, da majina, da tarin bakteriya. A 1977 likitocin Leuven ta Beljiyam, ƙarƙashin Gaston Vantrappen, suka nuna cewa wasu marasa lafiya da bakteriya suka yi wa yawa a ƙaramin hanji ba su da wannan kashi na uku, ko kuma ya yi rauni ƙwarai. Da mutum ya ci abinci, zagayen yana tsayawa, hanji ya koma aikin dama abinci da tsotse amfaninsa.

(Masu tallar maganin wankin ciki da lasifika a tasha ba wannan aikin suke sayarwa ba. Filasko da danginsa babban hanji suke tsokana har ya yi zawo. Sharar ƙaramin hanji tana gudana dare da rana, ba a biyan ko sisi.)

To wa ke ba da umarnin? Rabin amsar tana cikin bangon hanjin kansa. A 1857 Georg Meissner, sannan a 1862 Leopold Auerbach, dukansu Jamusawa, suka bayyana wasu saƙaƙƙun jijiyoyin saƙo guda biyu da ke shimfiɗe a bangon hanji: ɗaya a ƙarƙashin fatar ciki, ɗaya a tsakanin tsokar da ta zagaye hanji da wadda ta bi tsawonsa. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin sun haura miliyan 100. A 1899 William Bayliss da Ernest Starling, a Landan, suka gano dokar da suke bi. Idan loma ta buɗa hanji, tsokar da ke bayanta tana matsewa, wadda ke gabanta tana saki, sai lomar ta yi gaba. Suka yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin da ƙwaƙwalwa da laka, aikin bai tsaya ba. A 1917 Paul Trendelenburg ya kai abin ƙarshe: ya yanko guntun hanjin wata 'yar dabba, ya rataye shi a ruwan gishiri mai ɗumi, ya tura ruwa ta cikinsa, guntun ya ci gaba da tura ruwan gaba alhali babu ƙwaƙwalwa a kusa.

Ɗaya rabin amsar kuwa a cikin jini take. Su dai waɗannan mutum biyu na Landan su ne suka gano homon na farko, sikiritin, a 1902, kuma a hanji suka same shi. Homon sinadari ne da wani sashe na jiki ke zubawa a jini ya kai saƙo wani sashe. Wanda ya shafi zancenmu sunansa motilin, kuma labarinsa ya faro ne da wani abin ɗaure kai. A shekarun 1960 John Brown ya lura cewa idan aka zuba ruwa mai kanwa-kanwa a farkon ƙaramin hanjin kare, wani ɓangare na tumbi da aka ware, aka yanke jijiyoyin da ke zuwa masa daga waje, yana fara matsewa. Tunda babu jijiyar da ta haɗa wuraren biyu, saƙon ta jini ya bi. A 1971, yana Jami'ar British Columbia ta Kanada, shi da Viktor Mutt na Suwidin suka tace sinadarin daga hanjin alade. Ɗan ƙarami ne, jerin amino asid 22 kacal, kuma wasu ƙwayoyi da ke warwatse a fatar farkon ƙaramin hanji ne ke yin sa.

Yawancin homon na hanji abinci ne ke tayar da su. Motilin ya saɓa. Zen Itoh na Jami'ar Gunma ta Japan ya nuna, a shekarun 1970, cewa yawansa a jinin kare mai yunwa yana hawa yana sauka, kuma ƙololuwar hawansa tana dacewa da kashi na uku a tumbi. Idan aka yi wa karen allurarsa lokacin da ciki ya yi shiru, guguwar tana tasowa kafin lokacinta. Idan kuma karen ya ƙoshi, allurar ba ta tayar da ita.

Nan ne mutum zai yi saurin cewa an gama, an samu mai gida. A ganina nan ne zancen ya fi daɗi, domin motilin shi kaɗai ba ya iya aikin. Idan aka fara ba kare atirofin, maganin da ke toshe saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai allurar motilin ta tashi a banza. Haka idan aka toshe wata makarɓa, wato wurin saukar saƙo, ta sirotonin, sinadarin da mutane suka fi sani da ƙwaƙwalwa alhali kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake. Idan kuma aka dakatar da jijiyar bagas, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta wuya zuwa ciki, tumbin kare yana rasa kashi na uku, amma ƙaramin hanji yana ci gaba da nasa zagayen. Ashe aikin a rabe yake. Motilin yana faɗar lokaci, musamman ga tumbi. Jijiyoyin bango su ke jera matsewar su gangara da ita. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu ɗauke da sunan Cajal, masanin Sifaniya, da ke ƙayyade sau nawa tsoka za ta iya matsewa a minti. A 2016 masu binciken Leuven, Jan Tack da abokansa, suka nuna cewa a jikin mutum ma jin yunwa yana ƙaruwa ne tare da hawan motilin da kashi na uku da ya taso daga tumbi.

Wani abu ya jinkirta binciken shekara da shekaru: ɓeran da aka saba gwaji da shi ba shi da motilin mai aiki. Dole masana a Japan suka koma kiwon wata jaɓa ta Asiya, 'yar uwar wadda muke kora daga ɗaki saboda wari, don cikinta ya fi kama da namu ta wannan fuska.

Muhimmancin jijiyoyin yana fitowa fili idan suka samu matsala. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ana haifarsa babu ƙwayoyin jijiya a ƙarshen babban hanjinsa, cutar da Harald Hirschsprung na Denmak ya bayyana a 1886. Wurin ba ya saki, kashi ya taru a sama da shi, ciki ya kumbura, kuma tiyata ce maganinta. Ciwon suga da ya daɗe ba kulawa yana cin jijiyar bagas da ƙwayoyin Cajal, sai abinci ya kwana a tumbi, mutum ya ci loma uku ya ƙoshi, ga kumburi ga tashin zuciya. Kodin da tiramol kuwa suna sauka ne kai tsaye a kan jijiyoyin bangon hanji su danne saƙonsu. Lokacin da Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, hankalin jama'a yana kan ƙwaƙwalwar matasa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai taurin bayan gida yana cikin wahalhalun da ke bin masu sha, kuma jiki ba ya sabawa da shi yadda yake sabawa da mayen. Lofaramaid da ake saya a kemis don tsayar da gudawa ta wannan hanyar yake aiki, bambancin kawai shi ne, a ƙa'idar shansa, ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma maganin da ke yin akasin haka. Tun da aka fito da iritiromaisin a 1952, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka samo daga ƙasar da aka ɗebo a Filifins, masu shansa ke kukan murɗar ciki da tashin zuciya. A 1984 Itoh ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana tayar da kashi na uku a cikin kare, daga baya aka tabbatar cewa a makarɓar motilin yake sauka. A 1990 likitocin Leuven suka yi wa masu ciwon suga da tumbinsu ya yi kasala allurarsa, abinci ya riƙa wucewa kusan yadda yake wucewa a cikin mai lafiya. Gwaji a jikin mutane ya kuma nuna cewa ƙaramin adadi ta jijiya yake bi, atirofin na hana shi kamar yadda aka gani a kare, babban adadi kuwa tsokar yake taɓawa kai tsaye.

Wannan ba izini ba ne ga mai kumburin ciki ya je kemis ya saya. Cikin makonni kaɗan makarɓar tana daina amsawa, maganin yana iya rikita bugun zuciya, kuma shan sa barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin ƙera wanda zai yi aikin motilin ba tare da kashe ƙwayoyin cuta ba, da yawa suka faɗi a gwajin asibiti. Inda ya samu gindin zama shi ne ɗakin gaggawa. Idan aka kawo mai aman jini, kuma likita yana so ya zura kyamara ya ga inda jinin ke fita, akan yi masa allurar miligiram 250 ta jijiyar jini, minti 30 zuwa 120 kafin a fara, don tumbi ya tura jinin da gudajinsa zuwa hanji, likita ya samu ganin bangon.