Ciwo Uku Da Kan Biyo Bayan Rasuwa

A watan Afrilu na 2020 mace-mace suka yawaita a Kano, galibi dattawa. Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma ana zaton rabinsu ko fiye cutar korona ce ajalinsu. Ranar 2 ga Mayu Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila ya cika. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Lokacin kuwa an hana fita, saboda haka gidaje da yawa, tun daga birni har Rano da Kibiya, ba su sami zaman makoki yadda aka saba ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa rashi sukan warware sannu a hankali. Amma akwai wanda kan tsaya cik inda mutuwar ta bar shi.

Baƙin ciki dai ba laifi ba ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shari'a ta sanya wa makoki kwana 3, takaba kuwa wata 4 da kwana 10. Wannan iyakar zama ce, ba iyakar zuciya ba. Abin da likitoci ke kira ciwo shi ne wanda ya hana mutum sana'a da zumunci, kuma iri uku ne.

Na farko, doguwar kewa. Mai ita begen mamacin ne ya cika masa zuciya dare da rana. Ya kasa yarda da cewa ya tafi, ya ajiye ɗakinsa yadda ya bar shi, yana jin kamar an binne rabinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin littafin cututtukanta wanda ya fara aiki a 2022, da sharaɗin ta kai wata 6 kuma ta zarce abin da addini da al'adar mutanen suka saba. Likitocin Amurka kuwa wata 12 suka yanka ga baligi.

Na biyu, firgici. Shi tushensa tsoro ne, ba bege ba. Yakan kama wanda ya ga mutuwar da idonsa, kamar hatsarin mota, ko harin Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014. Abin yakan dawo masa a mafarki da farke, ƙara kaɗan ta zabure shi, yana gudun wurin da abin ya auku.

Na uku, ciwon damuwa. Shi ba a kan mamaci kaɗai ya tsaya ba, duniya duka ce ta fita ran mai shi. Abinci ba daɗi, barci ya lalace, ya raina kansa, har ya wuce mako 2 a haka. Tun da daɗewa Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda kan rufe mutum ba dalili.

Amfanin rarrabewa shi ne magani. Ƙwayoyin damuwa suna taimakon na uku, amma an gwada an ga ba su kawar da kewa. Ita sai zama da gwani a yi ta magana kan rashin. Kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku.

To, malamai da 'yan kasuwa, ku ne kan fara lura da wanda ya bar zuwa karatu ko ya rufe rumfarsa. Kada a gaggauta ce masa ba shi da tawakkali. A tambaye shi: bege ne, ko tsoro, ko fitar rai daga kome? A ci gaba da addu'a, sa'an nan a raka shi asibitin Rano, ko na Dawanau, ko na Malam Aminu Kano. Wanda kuwa ya ambaci halaka kansa, kada a kwana ba a kai shi ba.

Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.