Maita a Turai a Ƙarnonin Tsakiya: Yadda Camfi Ya Zama Laifin Kisa

Mutane da yawa suna zaton ƙona mayu a Turai aiki ne na Ƙarnonin Tsakiya, watau daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500, kuma jahilcin ƙauyawa ne ya jawo shi. Dokoki da littattafan da suka tsira daga wannan zamani sun nuna wani abu dabam. Shekaru ɗaruruwa sarakuna da shugabannin Ekklisiya suna ɗaukar yawancin zancen maita camfi ne. Kisan bai yawaita ba sai da malamai suka sake ra'ayi, alƙalai kuma suka sake hanyar shari'a.

Ya kamata a fara rarrabe kalmomi, gama da Latin aka rubuta waɗannan dokoki, Latin kuwa tana da suna biyu. Na farko striga, watau macen da aka ce tana tashi sama da dare, tana shan jinin jarirai, tana cinye mutum ta ciki. Na biyu maleficus, wanda yake cutar mutane da sammu ko guba. A Hausa ta farko ta fi kusa da mayya mai kama kurwa, na biyun kuwa da mai sihiri ko mugun boka. Bahaushe bai gama su ba: maita gado ce ko ƙanƙara a ciki, bokanci kuwa sana'a ce da a kan koya. Turawan farko ma sun raba su. Sun yarda akwai mai sihiri, suna kuma hukunta shi, amma striga sun yi musun akwai ta.

Wajen shekara ta 785 Sarki Sharlaman ya kafa wa Saksawan Jamus doka cewa duk wanda Shaiɗan ya ruɗe shi har ya gaskata wani maye ne mai cin mutane, ya ƙona shi saboda haka, to, shi ma hukuncinsa kisa ne. Wajen 815 aka kawo wa Agobad, babban limamin Liyon, mutum huɗu a ɗaure, maza uku da mace ɗaya, wai sun faɗo daga jiragen da suke tafiya cikin gizagizai suna kwashe amfanin gonar da ƙanƙara ta lalata. Jama'a suna shirin jefe su, ya yi ta kawo hujja har masu ƙara suka rasa ta cewa. Wajen 906 kuma Regino na Furum ya shigar da wata ƙa'ida cikin littafinsa na dokokin Ekklisiya, wadda aka sani da sunan Canon Episcopi. Ta ambaci matan da suke cewa suna hawan dabbobi da dare suna bin gunkiya Diyana, ta yanke cewa mafarki ne da ruɗin Shaiɗan. A wurin wannan ƙa'ida laifin yana kan mai gaskata tashin, maganinsa kuwa wa'azi da tuba.

Abu uku suka rushe wannan matsayi. Na ɗaya hanyar shari'a. A da sai wani ya tsaya ya yi ƙara da sunansa, in ya kasa tabbatarwa hukuncin yana iya komawa kansa, saboda haka ba kowa yake da ƙarfin halin kiran maƙwabcinsa maye a gaban alƙali ba. Daga ƙarni na 13 alƙali da kansa yake buɗe bincike bisa jita-jita. A 1252 Paparoma Inosan na Huɗu ya halatta azabtar da wanda ake tuhuma da bidi'a don ya amsa laifi. Wanda ya sha azaba kuwa ya kan faɗi abin da mai tambaya yake so, ya kuma kira sunayen waɗansu.

Na biyu, malaman tauhidi suka koyar cewa sihiri ba ya ci sai da alkawari tsakanin mutum da Shaiɗan. Da haka mai sihiri ya tashi daga macuci ya koma mai ridda. A 1324, a Kilkeni ta ƙasar Ailan, aka tuhumi wata attajira, Alis Kitela, da sihiri da bautar aljani. Ita ta tsere, aka ƙona baranyarta Fetronila.

Na uku, aka gama striga da maleficus suka zama mutum guda. Wannan ya bayyana a shari'o'in Bale ta ƙasar Suwizalan daga 1428, inda aka ce mayu ƙungiya ce mai taron dare, kuma tashinsu gaskiya ne. A 1484 Hainirik Kirema, wani mai binciken bidi'a, ya samo takardar goyon baya daga Paparoma Inosan na Takwas. Duk da haka, da ya buɗe shari'a a Insburuk a 1485, limamin lardin ya tsayar da ita, ya umurce shi ya bar ƙasar. Sa'an nan ya rubuta Malleus Maleficarum, watau gudumar mayu, wanda ya fito wajen 1486. Injin ɗab'i, da bai fi shekara 40 da samuwa ba a Turai, ya baza shi ko'ina.

Mafi yawan kisan ya auku tsakanin 1560 da 1630, bayan Ƙarnonin Tsakiya sun shuɗe. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe duka tsakanin 40,000 da 60,000, wajen kashi uku cikin huɗu mata ne. Tsoron maye ya daɗe a ƙauyukan Turai tun kafin Sharlaman, bai kuwa haifar da irin wannan ɓarna ba muddin hukuma tana taka masa birki. Ya zama annoba sa'ad da masu ilmi suka ba shi hujja a littafi, alƙalai suka ba shi gurbi a kotu.