Barcin da Goro Ba Ya Korewa

Mu a Koki goro ba baƙonmu ba ne. A unguwar nan Alhassan Ɗantata ya kafa gida, kuma fataucin goron Gwanja ne tushen arzikinsa. Har gobe dattijo in ido ya yi masa nauyi bayan azahar, sai ya ɓare goro ya jefa a baki. Sinadarin kafin da ke cikinsa shi ne dai a Nescafé ɗin mai shayi. Amma akwai barcin da ya fi ƙarfin goro.

Wani tela a layinmu, yaro mai himma, barci kan sace shi ƙafarsa na kan keke, yadi na ƙarƙashin allura. In dariya ta ci shi sai gwiwoyinsa su saki, ya zube. An ce lalaci ne, an ce iska ce. Likitoci na kiran wannan cuta nakolefsi: ƙwaƙwalwa ce ta rasa oreksin, sinadarin da ke riƙe mutum a farke, wanda aka gano a 1998. Masu ita ake rubuta wa maganin modafinil, da Amurka ta amince da shi a waccan shekarar, ko Ritalin. Da safe ake sha. Ba sa warkarwa, suna dai tsayar da ido mutum ya nemi abincinsa. Sukan ɗaga jini, su kawo ciwon kai da faɗuwar gaba. Modafinil kuma na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, ya kamata mata su san wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin masu gyangyaɗi ba wannan ce cutarsu ba. Wani minshari ne ke sarƙe masa numfashi cikin dare, ya wayi gari kamar bai kwanta ba. Wani ciwon suga ne ko ƙarancin jini. Wani kuwa zafi da sauro ne suka hana shi runtsawa. Sai ɗan adaidaita sahu ya faɗa kemis neman "ƙwayar ƙarfi", a miƙo masa tramadol, maganin ciwo mai kama jiki, wanda yawansa ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ɗan'uwa, in kana barcin dare isasshe amma rana na kayar da kai, ajiye tuƙi tukuna. Je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka tafi da wanda ke jin minsharinka, domin shi zai faɗa wa likita abin da kai ba ka gani.