Jiki magayi: Zomon da ya hango halaka a littafin Watership Down

Da wani ƙaramin zomo mai yawan firgita labarin ya fara. Sunansa Fiver, yana zaune da 'yan'uwansa a ramukan Sandleford da ke kudancin Ingila. Wata rana da yamma ya ga wani allo da mutane suka kafa a bakin fili, nan take jikinsa ya ba shi cewa masifa na tafe, har ya riƙa ganin filin jina-jina.

Fiver bai iya karatu ba, don haka bai san allon na sanar da cewa za a gina gidaje a wurin ba. Hujja ko ɗaya ba shi da ita, sai faɗuwar gaba.

Wannan shi ne mafarin Watership Down, littafin Richard Adams da ya fito a 1972 bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓarsa. Asalinsa labari ne da marubucin yake bai wa 'ya'yansa mata biyu a mota, daga baya kuma ya lashe lambar yabo ta Carnegie.

Shugaban da ya yi kunnen uwar shegu

Hazel, yayan Fiver, ya kai ƙaninsa gaban shugaban zomaye. Shugaban ya saurare su sama-sama, ya sallame su. A lissafinsa, kwashe al'umma guda a bar gida saboda tsoron wani yaro ya fi zama haɗari.

Zomaye 11 ne kawai suka fice cikin dare. Bayan wani lokaci biyu daga cikin waɗanda suka tsira suka iske su da mummunan labari: mutane sun toshe ramukan, sun hura iskar guba, sannan aka kawo motar haƙa ta birkice wurin.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Jarrabawa mafi wuya ta zo ne a hanya. Matafiyan sun haɗu da wani zomo mai suna Cowslip, wanda ya gayyace su wasu ramuka inda kowa ya yi ɓul-ɓul, ga karas da latas da wani manomi ke zubarwa, ga shi babu dila ko wani magabci a kusa. Abu ɗaya ne baƙo: duk wanda aka tambaya ina wane yake, sai ya kawar da zancen.

A nan har Hazel ya saki jiki. Fiver kaɗai ya ƙi kwana a ciki, 'yan'uwansa suka ɗauke shi mai neman tayar da zaune tsaye. Sai da tarkon waya ya shaƙe Bigwig, ƙaƙƙarfan cikinsu, ya kusa sheƙawa lahira, sannan gaskiya ta fito: manomin kiwonsu yake yi, yana kama na kamawa, mazauna wurin kuma sun sani amma sun yi gum saboda cimaka.

Hangen Fiver shi kaɗai bai isa ya ceci kowa ba. Sai da dabarar Blackberry, wanda ya ce a tone turken tarkon, da ƙarfin Bigwig, da kuma Hazel, wanda tun daga ranar ya daina raina gargaɗin ƙaninsa. Tudun Watership Down da suka yada zango a kansa ma Fiver ne ya nuna musu shi tun daga nesa, domin daga samansa ana hango duk mai tahowa.

Tudun na nan a yankin Hampshire har yau. Adams ya rasu a watan Disambar 2016 yana da shekara 96.