Zobon da muke sayarwa a Diffa, magani ne a ƙasar Meziko

Duk wanda ya ratsa kasuwar Diffa da tsakar rana a lokacin bazara, ba zai rasa ganin mata da kulolin zobo mai sanyi ba, kusa da buhunan jan tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki zobo abin kashe ƙishirwa ne kawai, ko abin buɗa baki da azumi. Amma a can ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka, inda aka fara noman barkono da tattasai a duniya, wannan jan fure yana da daraja irin ta magani.

Mutanen Meziko suna kiran zobo da suna ruwan Jamaika, kuma suna shan sa da sanyi ko da zafi kamar shayi. Kamar yadda iyayenmu mata ke dafa na'ana'a ko citta da kanumfari idan ciki ya ɓaci ko mura ta kama yaro, haka su ma suke dafa na'ana'a da kirfa da wani ɗan farin fure da suke kira manzaniya. A kasuwanninsu akwai rumfunan masu sayar da ganyaye da saiwoyi, tamkar dai namu na nan gida.

Abin da ya bambanta shi ne, likitocinsu sun gwada zobon. A shekarar 2004, masu bincike na hukumar inshorar lafiya ta Meziko a jihar Morelos sun ba masu hawan jinin da bai yi tsanani ba zobo kullum har mako 4, aka ba wasu ƙwayar captopril, sai aka ga jinin ɓangarorin biyu ya sauka kusan daidai. A 2010 kuma, jami'ar Tufts ta Amurka ta fitar da sakamakon wani gwajin, inda kofi 3 a rana na tsawon mako 6 ya rage awon jini na sama da kimanin maki 7.

To, sai dai fa a nan ne ya kamata mu yi hattara. Zobon da aka yi gwajin da shi ba irin wanda muke cika wa sukari ba ne har ya zama kamar zuma. Mai ciwon sukari da ta sha irin wannan, ta je neman ƙiba ne ta samo rama. Haka nan wadda likita ya ɗora a kan ƙwayar hawan jini, kada ta ajiye ƙwayar don ta ji an ce zobo magani ne, ta fara sanar da likitan cewa tana sha. Mai juna biyu ita ma ta nemi shawara a wurin awo kafin ta mayar da shi abin shan kullum.

Ta fuskar ciniki ma akwai darasi. Zobon da Meziko ke nomawa ba ya isar ta, shi ya sa take sayen busasshe daga Afirka, musamman Najeriya, inda jihar Jigawa ta yi suna wajen nomansa. Amma a 2018 ta dakatar da karɓar na Najeriya saboda ƙwaron ajiya da aka samu a cikin kaya, sai daga baya aka sake buɗe hanya. Ƙwaro ɗan mitsitsi ya jawo wa manoma da dillalai babbar asara.

Saboda haka ƴan kasuwa, mu shanya zobo a kan tabarma ba a ƙasa ba, mu bari ya bushe sarai, mu zuba a sabon buhu nesa da hatsi, kuma mu guji barbaɗa masa maganin ƙwari. Ƴan'uwa mata masu dafawa, a wanke furen, a tafasa ruwan, a wanke gora da sabulu, sannan a riƙa ware wani marar sukari domin tsofaffi. Mai saye da ya samu tsabta a wurinki yau, gobe ma wurinki zai dawo. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.