Piriton Ba Maganin Kukan Yaro Ba Ne

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a gidajenmu, har an daina ganin laifinta. Yaro ya dami uwarsa da kuka, ko ana shirin zuwa biki, ko za a yi doguwar tafiya a mota, sai a jawo kwalbar Piriton a tsiyaya masa a murfi. Kafin a gama ɗaura ɗankwali ya ɓingire. In ka yi magana a ce maka, "Ai ɗan kaɗan ne, kuma kowa na bayarwa."

Kowa na bayarwa! Wannan ce hujjar?

Maganin nan, wanda sunansa na asali chlorpheniramine, an yi shi ne don ƙaiƙayi da borin jini da cizon ƙwaro, da atishawa da yoyon hanci irin wanda ƙurar hunturu ke tayarwa. Barcin da yake sawa kuwa, shiga ƙwaƙwalwa yake yi ya kashe wa mutum jiki. Bai warkar da abin da ya sa yaron kuka ba.

Jariri ba shi da baki sai kuka. Wataƙila kunnensa ke ciwo, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ke shigowa, ko kuma yunwa ce kawai. An ɗirka masa magani ya yi laƙwas, bai tashi ya sha nono ba, uwa tana murna wai ya samu sauƙi, alhali ciwo na can yana cin sa. Ga kuma awo da murfin kwalba ko cokalin shayi, wanda kowane gida da girman nasa. Ruwan Piriton ba a ba wa yaron da bai cika shekara 1 ba. Ɗan'uwansa Phenergan, wato promethazine, ya fi shi haɗari: tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi kakkausan gargaɗi kada a ba wa ɗan ƙasa da shekara 2, domin yana danne numfashi, har an rasa rayuka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wasu yaran ba barci Piriton yake sa su ba, birkicewa suke yi, kuka ya ƙaru. Sai uwa ta ce bai ji ba, ta ƙara. Ko ta haɗa da maganin tari, ba ta san da yawa daga magungunan tari akwai irin wannan sinadari a ciki ba. Idan kika ga yaro ya kasa farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, zuciyarsa na bugawa da sauri, ko ya fara jijjiga, ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ki tafi da kwalbar.

Manya ma ba a bar su a baya ba. Ƙwayar Piriton miligiram 4 ce, ana sha bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 6 a yini da dare. Wanda barci ya ƙaurace wa dare ɗaya ko biyu zai iya samun sauƙi, amma cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa, sai a koma ƙara ƙwaya, a wayi gari da kasala da bushewar baki. Direba da ɗan adaidaita sahu da mai injin niƙa su tambayi loratadine, wanda ba ya sa barci kamar wannan. Tsofaffi, musamman masu wahalar fitsari ko hawan jinin ido, su ji ta bakin likita tukuna. Haɗa Piriton da kodin ko tiramol ko giya kuwa ganganci ne da rai.

Ku kuma masu kemis, don Allah idan aka aiko yaro da kuɗi a ce a ba da maganin barcin jariri, ku tambayi shekarunsa da abin da ke damunsa. In amsar ita ce "kuka yake yi," ku mayar da kuɗin, ku ce a kai shi asibiti.